Sulallan Azurfa da Zinariya Masu Hoton Jaruman Komik: Tambayoyi da Amsoshi a Kan Darajarsu

Tun ranar da na fito da wata kwandalar azurfa mai hoton Spider-Man a majalisarmu, tana cikin kwansonta na roba, tambaya ba ta yanke ba. Wani ya jinjina ta a tafin hannu ya ce nawa za ta yi yanzu. Wani ya ce shi ma zai sayo goma ya ajiye wa 'ya'yansa. Wani dattijo kuma bai damu da kuɗinta ba, hukuncinta ya tambaya. Ni ba dillalin waɗannan kaya ba ne, mai sonsu ne kawai, kuma saboda son ne raina ke ɓaci in na ga mutum ya zuba guminsa a kan abin da bai fahimta ba. Ga tambayoyin da aka fi yi mini, da amsar da nake bayarwa.

Wai wane irin kaya ne wannan?

Komik su ne littattafan nan da ake ba da labari cikin zane, gida bayan gida, maganar kowane mutum a rubuce cikin ɗan da'ira a saman kansa. A cikinsu aka haifi Superman da Batman da Spider-Man a Amurka, Tintin a Beljiyam a 1929, Astérix a Faransa a 1959. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka yi boko da Faransanci sun fi mu sanin biyun ƙarshen.

Yaran da suka karanta waɗannan littattafai sun girma sun yi kuɗi, sai kamfanoni suka fara ƙera musu abin tunawa da azurfa ko zinariya. Akwai kwandala wadda wata ƙasa ta sa sunanta da adadin kuɗi a jiki. Akwai lamba, mai kama da kwandala amma babu adadin kuɗi a kanta. Akwai ɗan sandan azurfa, da falle siriri da aka yi shi da siffar bangon wani tsohon littafi, da ƙananan mutum-mutumi. Sannan akwai tarkacen da aka yi wa ruwan gwal, wanda ke laɓewa a cikin waɗannan alhali ba ɗan gidan ba ne.

Su wa ke buga su, kuma me ya kawo sunan Tuvalu da Niue a jikinsu?

Gidajen buga kuɗi ne, wasu na gwamnati wasu na 'yan kasuwa. Royal Canadian Mint na gwamnatin Kanada ya fitar da jerin sulallan Superman a 2013, lokacin da jarumin ya cika shekara 75. Suna da hujja, domin Joe Shuster, wanda ya zana shi tare da marubuci Jerry Siegel, haifaffen Toronto ne. Monnaie de Paris na gwamnatin Faransa ya sha buga Astérix, har Faransa ta sa shi a kwandalar yuro 2 a 2019. Beljiyam ta yi wa Tintin kwandalar azurfa ta yuro 10 a 2004. A 2025 gidan buga kuɗin gwamnatin Amurka ma ya shigo sahu da kwandalar zinariya da lambobin azurfa na Superman da Batman da Wonder Woman.

Tuvalu da Niue kuwa ƙananan tsibirai ne a tekun Pasifik, mutanen Niue ba su ma kai 2,000 ba. Ba su da maƙera, sunansu suke bayarwa. Perth Mint na Ostareliya yana buga jaruman Marvel, kamfanin komik mai Spider-Man, da sunan Tuvalu, New Zealand Mint, wanda kamfani ne mai zaman kansa a Auckland, yana buga na DC, kamfanin komik mai Superman da Batman, da na Disney da sunan Niue. Tsibirin ya karɓi kasonsa, kamfanin kuma ya sami damar kiran abin da ya ƙera kuɗin ƙasa. Babu ha'inci a cikin wannan, amma ka san cewa ba a taɓa sayen kifi da kwandalar nan a Niue ba. Daga maƙera take wucewa shagon dillali.

Daga ina darajarsu take fitowa?

Duk macen da ta taɓa sayen sarƙar gwal sannan wata lalura ta sa ta sayar, ta riga ta san amsar. Ranar saye an karɓi kuɗin gwal da kuɗin aiki. Ranar sayarwa mai shago zai ɗora ta a sikeli, ya duba giram, ya biya kuɗin gwal kaɗai. Kuɗin aiki ya tafi ke nan.

Kwandalar komik haka take, sai dai ita abin da aka ɗora a saman ƙarfen ya fi na sarƙa kauri. A cikin farashinta akwai kuɗin lasisin da aka biya mai jarumin, Disney ga na Marvel, Warner Bros. ga na DC. Akwai kason tsibirin da ya ba da suna, da kuɗin launi, da akwati mai ƙyalli, da takardar shaida, da ribar dillali. Mu ƙaddara oza ɗaya ta azurfa, wato giram 31.1, tana dala 30 a kasuwa, aka sayar maka da kwandalar Batman mai oza ɗaya a dala 90. To dala 30 ka sayi azurfa, dala 60 kuma ka sayi sha'awa. Dala 30 ɗin nan kowa zai karɓa a ko'ina cikin duniya. Dala 60 ɗin kuwa ba za ta dawo ba sai ka haɗu da wani mai son Batman kamar kai, wanda kuma bai sami irinta da araha a wani wuri ba.

Ita ma azurfar ba a tsaye take ba. A Janairun 1980 ta kusa dala 50, ta faɗo, ta sake kusantar dala 50 a 2011, ta koma ƙasa da dala 15 a 2015, sannan ta haye dala 50 a Oktoban 2025. Zinariya ta wuce dala 2,000 a 2020, ta wuce 4,000 a 2025. Shi ya sa in wani ya ce mini kwandalarsa ta ninka kuɗinta cikin shekara goma, nakan ce mu cire tashin azurfar tukuna mu ga abin da ya rage wa jarumin. Sau da yawa babu abin da ke ragewa, wani lokaci ma ƙarin da ya biya tun farko ya zaizaye, tashin ƙarfen ne ya rufe masa asiri.

Yaya zan san yawan ƙarfen da ke ciki?

Ozar da ake auna zinariya da azurfa da ita giram 31.1 ce, ta ɗan fi ozar awon kayan abinci nauyi. Azurfa mai lamba 999 ko 9999 tsantsa ce, mai 925 kuma tana da gauraye kaɗan. A zinariya, karat 24 tsantsa ce, karat 22 kashi 91.7 cikin 100, karat 18 kashi 75, karat 14 kashi 58.3.

Ɗauki kwandalar zinariyar Superman ta Kanada ta 2013. Nauyinta giram 12, amma karat 14 ce, wato zinariyar da ke ciki kimanin giram 7 ce. Ka ninka 7 da farashin giram na ranar, ka sami ƙasan darajarta. Duk abin da aka nema sama da haka kuɗin sha'awa ne, kai za ka yanke ko ya cancanta.

Adadin kuɗin da aka rubuta a jiki fa, dala 1 ko dala 2?

Ado ne na doka. Azurfar da ke ciki ta ninka shi sau da yawa, babu mai hankalin da zai kashe ta a wannan kuɗin. Kakanninmu sun fi mu gane wannan. Liyarin da ya zaga kasuwannin ƙasar Hausa, mai hoton sarauniya Maria Theresa ta Ostiriya da shekarar 1780 a jiki, ba don sarauniyar aka karɓe shi ba, don an yarda da nauyinsa da kyan azurfarsa ne.

Amma akwai inda rubutun ya yi tasiri sosai. Kanada ta taɓa sayar da kwandalar azurfa mai rubutun dala 20 a kan dala 20 daidai, har da ta Superman a 2015. Azurfar cikinta giram 7.96 ce kacal, wajen rubu'in oza, wadda a lokacin ko kusa ba ta kai dala 20 ba. Rubutun ne ke riƙe da farashin. An daina shirin a 2017.

Na ji an sayar da littafin Superman na farko a kan miliyoyin daloli. Me zai hana kwandalarsa ita ma ta kai can wata rana?

Wannan ita ce tambayar da ta fi cin kuɗin mutane, don haka zan ɗan daɗe a kanta.

Gaskiya ne. Action Comics na 1, littafin da Superman ya fara bayyana a cikinsa, wanda ya fito a 1938 a kan santi 10, an sayar da kwafi ɗaya a gwanjon Heritage Auctions a Afrilun 2024 a kan dala miliyan 6. Amazing Fantasy na 15, inda Spider-Man ya fara bayyana a 1962, ya kai dala miliyan 3.6 a 2021. To me ya ba takarda mai arha wannan daraja? Rashin kulawa. An buga Action Comics wajen kwafi 200,000, yara suka karanta suka yayyaga, iyaye mata suka share suka zubar, yaƙin duniya na biyu ya zo aka tattara tsofaffin takardu don sake sarrafawa. Abin da ake kyautata zaton ya tsira bai wuce kwafi 100 ba ko kusa da haka. Babu wanda ya yi niyyar ya yi ƙaranci, zamani ne ya cinye sauran.

Kwandalar da aka buga bara kuwa, tun daga maƙera a cikin kwanso take, cikin akwati, da takardar shaida. Duk wanda ya saya ajiyewa ya yi. In an buga 5,000, bayan shekara hamsin kusan duka 5,000 ɗin suna nan, sababbi fil. Ranar da ka fito da taka kasuwa, ɗari suna gabanka a layi.

Kasuwar komik ɗin kanta ta taɓa faɗawa wannan rami. A farkon shekarun 1990 labarin tsadar tsofaffin littattafai ya bazu, mutanen da ba su taɓa karanta komik ba suka shigo da niyyar jari. Kamfanoni suka ga kasuwa ta buɗe, suka riƙa fitar da bango mai ƙyalli, bango kala-kala na littafi ɗaya, wasu a liƙe cikin leda. X-Men na 1 na 1991 an sayar da fiye da kwafi miliyan 8. Littafin mutuwar Superman na ƙarshen 1992, layi aka yi ta yi a kansa, mutum ɗaya ya sayi biyar ko goma. Bayan 'yan shekaru kasuwar ta rushe, shaguna da dama suka rufe, Marvel kanta ta shigar da takardar karayar arziki a Disamban 1996. Yau yawancin waɗannan littattafai da 'yan daloli kaɗan ake samunsu. Abin da kwandalar azurfa ta fi su da shi guda ne: in sha'awar ta mutu, azurfar tana nan.

Ke nan babu wadda ta taɓa tashi?

Akwai. Kwandalar Spider-Man ta Tuvalu ta 2017, ita ce ta farko a jerin Marvel na Perth Mint, an buga 50,000. Da ta fito ba a ɗora mata ƙari mai yawa a kan azurfarta ba. Da jerin ya ci gaba, Thor da Black Panther da Iron Man suka biyo baya, sai waɗanda suka shigo a makare suka koma neman ta farkon don su cike sahu, farashinta ya yi sama da na azurfar cikinta sosai. Kwatanta ta da kwandalar azurfa mai tambarin Superman da Kanada ta fitar a 2016, wadda aka ƙayyade wa miliyan ɗaya. Kyakkyawa ce, amma farashinta bai taɓa nisa da na azurfa ba, domin duk mai so zai samu.

Abin da na lura da shi, waɗanda ke tashi sukan haɗa abu uku ko huɗu: jarumi ne da duniya ta sani, ita ce ta farko a jerin da ya ɗore, gidan da ya buga ta sananne ne, kuma an sayar da ita da sauƙi tun farko. Na ƙarshen nan ya fi sauran muhimmanci a wurina. Wadda aka fara sayarwa ninki uku na ƙarfenta, kamfanin ya riga ya ci ribar da kake fata.

Amma an rubuta cewa adadinta ƙayyadadde ne, har da lamba a takardar shaida.

Ƙarancin abu ba ya ba shi daraja sai in masu nemansa sun fi shi yawa. Kwandala 500 da mutum 200 ke so ta yi yawa. Kuma kamfani yana iya ƙayyade wannan zanen ya fitar da wani zanen na jarumin nan wata mai zuwa, mai launi, marar launi, mai ruwan gwal, mai oza biyu, kowanne da nasa ƙayyadadden adadi.

Amurkawa sun ga wannan tun da daɗewa. Franklin Mint, wani kamfanin buga lambobi da aka kafa a 1964, ya sayar wa iyalai da yawa jerin lambobin azurfa masu kyan gaske cikin akwatuna na alfarma. Da azurfa ta yi tashin gwauron zabo a 1980, da yawa daga cikinsu a tukunyar narkarwa suka ƙare, domin kuɗin ƙarfen ya fi abin da masu tarawa ke tayawa.

Na ga wata da aka ce zinariya ce karat 24, kuma da araha. In saya?

Karanta tallar da kyau. In an ce an lulluɓe ta da zinariya, ko an yi mata ruwan zinariya, to jan ƙarfe ne ko tagulla aka shafa wa abin da bai kai kaurin gashi ba. Karat 24 ɗin na shafen ne, ba na kwandalar ba.

Na taɓa faɗawa. A farkon shigata harkar na sayi wani kati mai hoton Batman a intanet, rawaya jawur, da takardar shaida mai hatimi. Na kai wa wani dattijo mai sayar da gwal a kasuwa, wanda mahaifiyata ta daɗe tana ciniki da shi. Ya karɓa, bai ko kalli hoton ba. Ya ɗora a sikeli, ya ɗaga gira. Ya goga gefensa a kan ɗan baƙin dutsensa, ya ɗiga ruwan gwaji, layin da ya fito ya ɓace nan take. Ya miƙo mini da hannu biyu ya ce, "Ɗana, nawa ka ba su?" Na faɗa masa. Ya ce, "Allah ya mayar da alheri. Ka ajiye ka riƙa kallo, amma gwal ɗin da ke jikinsa ko kuɗin motarka zuwa gida ba zai biya ba." Na ce, "To Baba, takardar fa?" Ya ce takarda wanda ya yi kayan shi ya rubuta ta. Har yau katin yana cikin durowata, kuma tun ranar ban sake sayen abin da ba a rubuta nauyinsa da tsarkin ƙarfensa a jikinsa ba.

Littattafan da ake kira na zamanin zinariya da na zamanin azurfa, akwai ƙarfen a jikinsu?

Babu. Sunan zamani ne kawai. Na zinariya ya fara daga 1938 zuwa tsakiyar shekarun 1950, na azurfa daga 1956 zuwa wajen 1970. Haka ma bugun da aka riƙa kira na zinariya ko na filatinam a shekarun 1990, launin tawada ne da takarda mai ƙyalli.

Yaya zan gane jabu?

Jabu sun yi yawa, musamman na waɗanda suka yi tsada. Fara da sikeli mai auna ɗigon giram: kwandalar oza ɗaya kada ta gaza giram 31.1. Sannan auna faɗinta da kaurinta ka gwada da abin da gidan da ya buga ta ya sanar. Mai yin jabu yana iya daidaita nauyi, amma sai kauri ya tona shi, domin jan ƙarfe bai kai azurfa nauyi ba. Maganaɗisu ba ya kama azurfa ko zinariya, in ya liƙe magana ta ƙare. In ka jingina azurfar gaske ka saki ɗan maganaɗisu mai ƙarfi a kanta, a hankali zai gangaro kamar ana riƙe shi. Ƙanƙara kuma tana saurin narkewa a kan azurfa.

Zinariya ta fi wuya, saboda akwai ƙarfen da ake kira tangistin wanda nauyinsa kusan ɗaya yake da nata. Wannan sai mai na'ura. Abu ɗaya kuma: kada ka bari a goga kwandalar tarawa a dutse ko a ɗiga mata ruwan gwaji. In ta gaske ce, ƙarcen nan ya kashe kuɗin sha'awar gaba ɗaya.

Mafi sauƙi dai shi ne ka saya daga gidan da ya buga ko dillalin da ya amince da shi. Sayen kwandala daga baƙo a Facebook da hoto ɗaya cinikin biri a sama ne, kuma wadda aka sa ƙasa da kuɗin azurfarta ba sai an gwada ba.

Waɗanda ke cikin akwatin roba mai lamba 69 ko 70 fa?

Kamfanonin tantancewa ne ke yin haka, manyansu PCGS da aka kafa a 1986 da NGC a 1987. Suna duba kwandala su ba ta maki daga 1 zuwa 70, su rufe ta. A littattafan komik CGC ke irin wannan aiki, makinsa ya tsaya a 10. Ga tsohuwar kwandala da ta sha hannu, maki yana da ma'ana babba. Ga sabuwa kuwa, yawancinsu 69 ko 70 suke samu, domin ba su taɓa fita daga kwanso ba. Bambancin 69 da 70 ido ba ya gani sai da tabarau mai ƙara girma, amma farashi yakan ninka. Ni ba na biyan wannan bambanci. Amfanin akwatin a wurina shi ne shaidar cewa ta gaske ce, shi ma sai na duba lambar da ke jiki a shafin kamfanin, don akwatin ma ana yin jabunsa.

In sabon fim na jarumin ya fito, farashi yana tashi?

Yakan motsa na 'yan makonni, sannan ya koma. Lokacin sayarwa ne ga mai niyya, ba lokacin saye ba.

Akwai zakka a kansu? Kuma cinikinsu ya halatta?

Fatawa ta malamai ce, ni lissafi zan taimaka da shi. Hoton jarumi bai fitar da azurfa daga zama azurfa ba. Nisabin azurfa dirhami 200 ne, wajen giram 595, na zinariya kuma miskali 20, wajen giram 85, abin fitarwa kashi 2.5 cikin 100 in shekara ta zagayo. Wato mai kwandalar azurfa 20 masu oza ɗaya ya haye nisabi, mai ozar zinariya uku ma haka. Mutane da yawa suna ɗaukar kayan a matsayin abin wasa, su manta da wannan.

Wajen musaya ma akwai tarko. Shari'a ta ce azurfa da azurfa sai daidai da daidai, hannu da hannu, zinariya ma haka. Masu tarawa kuwa sun saba cewa ba ni Spider-Man ɗinka ɗaya in ba ka azurfa oza uku marasa hoto. Wannan kai tsaye ya shiga babin da ake tsoron riba. Haka nan biyan kuɗi yau a karɓi kaya bayan wata biyu, kamar yadda ake yi in an buɗe odar sabuwar fitowa. Sai batun hoton mai rai, inda malamanmu na Malikiyya suka fi tsanantawa a kan mutum-mutumi cikakke mai inuwa fiye da zanen da ke shimfiɗe. Ka ɗauki abin a hannunka ka kai wa malamin da ka yarda da shi ya gani, kada ka tambaye shi a baki kawai.

In na tashi sayarwa, wa zai saya a nan?

A Kano ko Maradi ko Kumasi, mai shagon gwal zai saya, amma da sikeli. Bai san jarumi Deadpool ba kuma ba ruwansa da shi. Azurfa ma ba kowane shago ke maraba da ita ba. Masu biyan kuɗin sha'awa suna Amurka da Turai da Ostareliya, kuma kafin kayanka ya kai gare su akwai kuɗin aikawa, da inshora, da kason dandalin ciniki na intanet irin eBay wanda ya wuce kashi 10 cikin 100, ga kuma ɗari-ɗarin da mai saye ke yi da sabon mai sayarwa daga nesa. Wajen shigowa da ita ma ka riga ka biya jirgi da kwastan da canjin dala. Ka haɗa duka wannan kafin ka kira abin jari.

In kana son sanin kuɗin taka, kada ka duba abin da masu sayarwa suka sa. Kowa yana iya sa dala dubu ya zauna shekara babu mai tayawa. Duba waɗanda aka riga aka sallama, a watannin nan, guda biyar ko shida, ka ɗauki na tsakiya.

Wanda burinsa ajiyar dukiya ce kawai, nakan ce masa ya sayi gwal ko azurfa marar hoto, mai ƙaramin ƙari, wadda zai iya sayarwa gobe da safe. Wanda kuma ya tashi da waɗannan labarai, yana jin wani abu a ransa in ya ga jarumin yarintarsa a kan azurfa mai sanyi a tafin hannu, to ya sayi ɗaya ko biyu da kuɗin da ba na cefane ba. Ni ma abin da na yi ke nan.

Tawa ta fara baƙi. In goge ta da toka ko man goge baki?

Don Allah kada ka yi. Toka da lemun tsami da man goge baki suna sa ta ƙyalli, amma suna barin ƙananan ƙarce da mai saye zai gani da kallo ɗaya, kuma gogaggiyar kwandala ta koma kuɗin sikeli. Baƙin da azurfa ke yi daga iska yake, masu tarawa da yawa ba sa ƙinsa. Akwai kuma farin tabo kamar ɗigon madara da kan fito a wasu sababbin sulalla ko da ba a taɓa buɗe su ba. Daga maƙera yake, ba laifinka ba ne, kuma ba ya gogewa.

Bar ta cikin kwansonta. In dole sai ka fito da ita, riƙe ta ta gefe, kada yatsa ya taɓa fuskarta. Nesanta ta da robar ɗaure kuɗi da jarida da leda mai laushi, duk suna ɓata azurfa. Da damina sa ɗan ƙunshin nan mai shan laima da ake samu cikin kwalin sabon takalmi. Da hunturu kuma kada ka share ƙura da tsumma, ƙurar ce ke ƙarce. Masu launi kada su ga rana.

Akwati da takardar shaida kada su ɓata, rashinsu yana rage kuɗi. Ni a cikin akwatin da nake ajiya na sa wata 'yar takarda da na rubuta da hannuna: sunan kowace kwandala, shekararta, nauyinta, abin da na biya, da wadda ta fi ƙarfin a kai ta sikeli. A ƙasa na rubuta cewa katin Batman mai rawaya ba gwal ba ne, don kada magada su sa shi cikin lissafi.